Ranata a Harmanda

Mutum na farko da ya kira ni 'yar'uwa a ƙasar Saudiyya shi ya tafi da wayata. A filin jirgin Jidda ne, ina zaune a kan jakata ina jiran direban gidan da zan yi wa aiki, sai ga wani Bahaushe cikin farar jallabiya, Hausarsa tas kamar yanzu ya fito daga kasuwar Funtuwa. Ya tambayi garinmu, ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Ya ce layin gida ba ya aiki a nan, in kawo ya sa mini na Saudiyya a wancan shagon, kada mutanen gida su zauna cikin zullumi. Da hannuna na miƙa masa, har da godiya. Har yau bai fito daga shagon ba.

Ba wayar ce ta ƙona mini rai ba, hotunan Yaya Mamuda ne a cikinta, kuma saboda shi na zo. Aikatau hanya ce kawai. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai tsire kamar babanmu, ya shigo Makka da Umara shekaru da dama ya yi zamansa. Da duk Juma'a sai ya kira Inna. Rana ɗaya kira ya ɗauke ɗif, layinsa ya mutu, kuma duk alhajin da muka ba sallahu da "an ce" yake dawowa. Inna ta tsufa, ganinta ya soma raguwa, har ta daina tambayar kowa. Ni kaɗai ta gaya wa abin da take so: in yana raye a jiyar da ita muryarsa, in kuwa ya rasu a faɗa mata, ta san irin addu'ar da za ta riƙa yi. Ga ni na iso, ko hoton da zan nuna wa mutane ba ni da shi.

Zango na biyu Shisha, wata unguwa a Makka. Gidan na Hausawa ne, amma irin waɗanda kakanninsu suka zo a ƙasa tun zamanin da, suka zama 'yan ƙasa. Tsohuwar gidan, Hajiya Sa'adiyya, tana kwance da ciwon suga, tana jin Hausa irin ta tsofaffin Kano wadda ko a Kano an daina. Jikokinta kuwa "sannu" da "tuwo" kaɗai suka sani. Ni ce wanki, ni ce guga, ni ce goge tayil ɗin da ko ƙura bai sani ba. Aikin bai dame ni ba, na saba da wanda ya fi shi. Shirun ne ya kusa kashe ni. Bene ne hawa kan hawa, kowa ya rufe ƙofarsa, ba sallamar maƙwabciya, ba kukan akuya, sai gurnanin na'urar sanyi. Nakan tsaya a kicin in ji kewar sautin daka har hawaye ya zubo mini.

Ɗakin kwanana ɗaya da Sitti, ma'aikaciyar jinya mai kula da Hajiya, Musulma ce daga kudancin Filifin. Ranar farko da ta miƙo mini wayarta ta ce in kira gida, sai da na ƙare mata kallo ina neman inda tarkon yake. Babu tarko. Amma na yi makonni ina kwana da jakata a ƙarƙashin kai, ita kuma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Da guntun Larabcinta da guntun nawa da nuni da hannu muke hira.

Da na gaya wa Hajiya abin da ya kawo ni, ta ba ni Juma'a ta zama ranar hutuna, ta kuma ja mini kunne. Ta ce in na je Mansur, unguwar da mutanenmu suka fi taruwa a Makka, kada in kuskura in ce ni ƙanwarsa ce, don ban san abin da ya bari a baya ba, in rigima ce a kaina za ta ƙare. In ce saƙo aka ba ni daga garinsu. Shawarar ta yi daidai da halina, na riƙe ta gam.

Zango na uku Mansur. Ina sauka daga tasi ƙamshin daddawa da hayaƙin nama suka tare ni, na ji kamar an dawo da ni gida an kuma ƙwace gidan a lokaci guda. Mata na sayar da fura da ƙosai a bakin lungu, ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan titi saboda motar baladiyya masu kama 'yan talla. Hausar Sakkwato, ta Damagaram, ta Sudan, duk a cakuɗe da Larabci. Na fara tambaya. Abin da na lura da shi, kowa ya san Mamuda mai tsire har zuwa lokacin da zan ce yana ina. Daga nan sai fuska ta rufe. Wannan ya ce ya koma Madina, wancan ya ce an yi tarhil da shi, wato an kama shi an mayar gida. Wata mai fura ta buɗe baki za ta yi magana, mijinta ya yi gyaran murya, ta koma dama furarta.

Yunwa ce ta kai ni wata tukuba a ƙarshen wani lungu bayan La'asar. Na sayi tsinke biyu, na kai baki, sai na tsaya cak. Yajin gidanmu ne. Babanmu yakan ɗan ƙona kimba kafin a daka, ta bar ɗaci kaɗan a ƙarshen harshe, kuma ban taɓa jin wani ya yi haka ba sai shi da Yaya. Na ɗaga ido na dubi mai tsiren, wani dogo baƙi mai Hausar Chadi, ana ce masa Abbakar. Wuƙar da ke hannunsa ƙotarta naɗe da jar fata. Ni na riƙe wa Yaya bakin fatar ranar da ya naɗa ta.

Na tambaye shi a hankali ko ya san Mamuda. Ya ce sunan ba baƙo ba ne. Na ce tukubar ta wace ce. Ya juya nama, ya yayyafa mai, sannan ya ce ta Harmanda ce. Na ce a ina zan ga shi wannan Harmandan.

"Ba mutum ba ne, ya ukti," in ji shi. "Ci namanki kada ya huce."

Juma'ar da ta biyo baya ba Abbakar ne a tukubar ba, wani gajere ne da zare a manne a rigarsa, tela ne ko makaho ya shafa ya sani, yana juya tsire yana ƙona yatsu. Ta gaba kuma wani ne daban mai hannun makanike. Wuƙa ɗaya, yaji ɗaya, mutum daban. Na samu wuri nesa kaɗan na zauna cikin baƙar abayata, wadda amfaninta ke nan, ba wanda ya san wace ce a ciki. Na ga kafin Magariba sukan ware nama mafi laushi su ajiye gefe, su zuba romo a filas, ɗayansu ya tare tasi ya tafi da su. Na ga duk wanda ya tashi daga tukubar sai ya biya wajen wani tsoho mai sayar da goro da carbi a bakin wani shago, ya durƙusa, su yi ƙus-ƙus. Baba Malabo ake kiransa. A raina na ce ga uban gayyar nan.

A Shisha na tambayi Hajiya ko Harmanda Larabci ne, ta ce ita dai a Makka aka haife ta ba ta taɓa ji ba. Sitti da ke gwada mata jini ta ɗago tana dariya, ta maimaita kalmar da irin lafazinsu. Ta ce ai a garinsu kowa ya san ta. Turawan Sifaniya ne suka mulke su shekaru aru-aru, suka tafi suka bar musu kalmomi cike da baki, wannan tana ciki. Ma'anarta 'yan'uwantaka. Ta ce a wajensu Kiristocin unguwa ne ke da irin wannan ƙungiya, su shirya bikin cocinsu, in kuma wani ya mutu su ne masu ɗaukar gawa. Ita abin ya ba ta nishaɗi, wai ta tsinci kalmar garinsu a bakin Bahaushiya a Makka. Ni kuwa lissafi na shiga yi. Masu tsire a Mansur da sunan ƙungiyar coci, kuma masu ɗaukar gawa, kuma wuƙar yayana a hannunsu.

Na gama yanke hukunci a raina. Ko dai sun kashe shi, ko sun tsegunta wa jawazat, jami'an shige da fice, an kwashe shi, su kuma suka raba tukubar a tsakaninsu. Babban ɗan Hajiya ya ji labarin a bakin uwarsa. Ya ce mini abu ne mai sauƙi, yana da abokai, waya ɗaya zai buga a share lungun gaba ɗaya, a can ofis duk mai bakin magana zai yi magana. Na ce ya ba ni Juma'a ɗaya. Ba tausayinsu na ji ba, so nake in kalli idon tsohon nan tukuna.

Na same shi yana yayyafa wa goro ruwa. Ban ko tsaya dogon gaisuwa ba, na ɗage niƙabina na ce ni ba 'yar saƙo ba ce, Uwani ce ƙanwar Mamuda, ciki ɗaya. Na ce na ga wuƙarsa, na ɗanɗani yajinsa, kuma in bai gaya mini inda suka kai shi ba, kafin wata Juma'ar babu sauran tukuba a lungun nan, babu sauran mai hura ta.

Bai razana ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya jawo mini kujera, na ƙi zama.

"Tun ranar farko muka san ke ce," ya ce. "Abbakar ya ce da kika ɗage mayafi za ki ci nama, wushiryar Mamuda ya gani. Amma wadda ta ɓoye kanta, kuma daga gidan masu ƙasa take fitowa, me kike so mu ɗauke ta? Duk da haka mun tambaye shi."

"Kun tambayi wa?"

"Shi mai tukubar. Ya ce a'a."

Sai a lokacin na zauna. Yana raye. Baba Malabo ya bar ni na yi kukana, yana ta jera goronsa, sannan ya ba ni labari. Yaya ya faɗi ne a gaban wuta wata rana da yamma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi sai kalma ɗaya biyu. Iƙamarsa, takardar zama, ta daɗe da mutuwa, don haka da aka ceto ransa a asibiti suka ɗauke shi tun kafin a fara tambayar takardu. Suka kama masa ɗaki a unguwar Ka'akiyya inda haya ke da sauƙi kuma ba mai sa ido. Dokarsu ce in ɗayansu ya kwanta ba a barin sana'arsa ta mutu. Kowa yana da ranarsa a tukuba, tela ne ko makanike, kuma kowa yana da ranarsa a ɗakin mara lafiya. Abin da wutar ta samar shi ke ciyar da mai ita. Abbakar ne ke daka yajin, Yaya ya koya masa da hannun hagu da harara.

Ban saki jiki ba duk da haka. Na ce in gaskiya ne, me ya haɗa Musulmi da sunan 'yan coci. Ya yi murmushi ya ce wa ya gaya mini, na ce wata 'yar Filifin. Ya ce to kalmar ta fi shi yawo. A Malabo aka haife shi, wani gari a kan tsibiri inda babansa ya je fatauci, kuma Sifaniyanci ne harshen gwamnati a can. Hausawan unguwarsu suna da ƙungiyar jinya da jana'iza, da aka ce sai sun ba ta suna da harshen ƙasa suka ɗauki wannan, bakin Bahaushe ya murɗe ta ta zama Harmanda. Da ya zo aikin Hajji ya zauna, ya ga yadda takari, wato baƙo irinmu, ke mutuwa shi kaɗai a ɗaki sai wari ya tona, sai ya tara mutane ya ba abin sunan da ya sani. Ya ce ya taɓa faɗinta a gaban wani ɗan arewacin Maroko, shi ma ya gane. Na ce Hausa ta rasa kalma ne. Ya ce 'yan'uwantaka kowane ɗan damfara da ita yake buɗe baki, ta Larabcin kuma ba a ɗaga murya da ita a ƙasar nan, sai a ɗauka wata siyasa kake nufi. Tasu ba wanda ya san ta sai wanda ya ƙona yatsa a kanta.

Na ce to a kai ni. Ya girgiza kai. Doka ta biyu ke nan: ba a kai wa mara lafiya kowa, ba a aika labarinsa gida, sai da yardarsa. Ya ce sun ga dangin da suka zo suka kwashe kayan mutum suka bar shi, sun kuma ga uwar da labari ya kashe kafin ɗan ya mutu. Yaya ba ya son a gan shi a haka. Duk sanda aka ambaci gida sai ya buga katifa da hannun hagu ya ce a'a, kuma a'a tana cikin 'yan kalmomin da suka rage masa. Na ce ni jininsa ce, su wane ne su da za su shiga tsakanina da shi. Ya ce su ne masu juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Na ji na tsane shi har cikin raina.

Sannan ya ce ƙanwa ba ta da izinin shiga, amma mai rana ba ta neman izini. Matan wasu daga cikinsu suna da rana, su yi wanki da shara da girki da ba shi abinci, wanka ne kawai na maza. Matar da ke da Juma'a ta kusa haihuwa. In ina so ranar tawa ce, amma duk dokar da ta hau kansu ta hau kaina.

"Har ta biyun?" na ce.

"Ita ce ma gaba. Ko Innarku ba za ki gaya wa ba sai ya yarda. In ba za ki iya ba, ki faɗa tun yanzu."

Na tsallako teku don in kai wa Inna labari, ga shi kuɗin shiga wajen ɗanta shi ne in rufe mata baki. Na yi ta juya abin ina neman inda cutar take, don har lokacin ina ganin akwai ta. Na ce na yarda. Da na koma Shisha na ce wa ɗan Hajiya ya bar wayarsa a aljihu.

Zango na huɗu Ka'akiyya. Abbakar ya raka ni, muka hau wani tsohon bene mai warin fenti da albasa. Ɗakin tsaf yake, an yi masa aski, an yanke masa farce, zanin gadon ya fi nawa haske. Sai dai mutumin da ke kwance rabin Yaya ne. Wanda yake saɓa cinyar sa a kafaɗa yana waƙa, yanzu miyau ke bin gefen bakinsa. Ya gan ni, idonsa ya tsaya a kaina, sannan ya juya ga Abbakar da wani irin kallo na wanda aka ci amanarsa. Abbakar ya ce masa, "Mai Juma'a ce, ya shehu. Baba ne ya ba ta." Yaya ya ja jikinsa da ƙyar ya fuskanci bango.

Ban ce masa Yaya ba, ban taɓa shi ba. Na ɗauki tsintsiya. Na wanke kayansa, na dama kunu, na zauna a bayansa da cokali har kunun ya huce, bai juyo ba. Abbakar ne ya ba shi.

Lokacin na riga na sayi 'yar ƙaramar waya, kuma duk Juma'a bayan La'asar ƙanenmu yakan danna wa Inna lambata. Ranar da ta kira ina ɗakin, na fita kan matakala na amsa. Ta ce an dace? Na ce ana nan ana nema, Inna. Bango ɗaya ne tsakanin muryarta da kunnensa. Na yi ƙarya a rayuwata, amma ban taɓa yin wadda ta yi mini ɗaci irin wannan ba, kuma na sake yin ta Juma'ar gaba, da ta gaba. Sitti ce ke shafa mini baya in na dawo, ba ta tambayar komai.

A hankali ya fara karɓar cokali daga hannuna, idonsa a ƙasa. Wata rana na zuba gishiri ya yi yawa a romo, ya yamutsa rabin fuskar da ke motsi ya ce a'a, na ce ai dama kai ba a iya maka, sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake. Ban roƙe shi komai ba, don na ga abin da roƙo ke jawowa.

Wata Juma'a hannuwana suna cikin bahon wanki, kumfa har gwiwar hannu, wayar tana kan katifa inda na manta da ita, dab da hannunsa na hagu. Ta fara ƙara. Sunan Inna ya fito ɓaro-ɓaro a fuskarta, kuma karatu bai bar shi ba. Na miƙe zan goge hannu in fita da ita, ya ɗora tafinsa a kai ya danne. Tana ta ƙara a ƙarƙashin hannunsa, yana kallon silin, ƙirjinsa na hawa da sauka. Na tsaya inda nake, ruwa na ɗiga daga yatsuna. Ta kusa katsewa ya ɗaga hannun, ya kai babban yatsa ya danna.

"Uwani?" in ji Inna. "Uwani, kina jina? An dace?"

Ban amsa ba, ba ni da izini. Yaya ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa, sai wani gurnani da numfashi mai nauyi. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, abin da ya fito bai yi kama da kowace kalma ba.

Ɗan fari ne, kuma Inna mace ce mai alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko a bayan idonsa.

"Mamuda," ta ce. "Kada ka wahalar da kanka. Na ji ka."